Mijina bai san ɗanmu mai busa ne ba

Assalamu alaikum Anti, da masu karanta wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, a kuma yi haƙuri da rubutuna, da girmana na koye shi a ajin yaƙi da jahilci. Kada a zage ni sai an ji ƙarshe.

A ƙasar waje muke, a garin Greensboro. Maigidana, Alhaji, ɗan gidan malamai ne, a wurinsu mai busa maroƙi ne, ko auren 'yarsu ba sa ba shi. Shi kuwa ɗanmu na fari tun yana ƙaramar makaranta ya kamu da son wani ƙahon tagulla mai naɗi. Ni na rufa masa asiri. Sai in ce da Alhaji za mu titin Wendover cefane, in wuce da yaron garin Summerfield inda nake jinyar wata tsohuwa, ya yi ta busa a bargar dawakinta. Na ɗauka ƙuruciya ce, zai bari. Da ya tafi jami'a na ce harhaɗa magunguna yake karantawa. Ni da bakina, kuma ina sallah.

Yanzu wata babbar ƙungiyar makaɗa a wata jiha ta ɗauke shi shugaban masu ƙaho. An ce wasu har su tsufa ba su hau kujerar nan ba. Wa zan gaya wa? A banɗaki na yi kukan murnata, na buɗe famfo.

Da yaron ya zo hutu ya ƙi taɓa yaji saboda leɓensa. Alhaji ya yi dariya ya ce, "Likita, yajin uwarka ma ya fi ƙarfinka?" Har a masallaci Likita yake kiransa.

Muna wanke-wanke yaron ya ce, "Mama, wasana na farko wata mai zuwa ne. Na ajiye kujera biyu. In ba ki faɗa wa Baba ba, ni zan faɗa."

Na ce, "Ka san hawan jininsa."

Ya ce, "A aikina in sauti ya kuɓuce mini kowa sai ya ji, babu wurin ɓuya. Na gaji da ɓuya a gidanmu."

In na yi magana, ba ƙahon ne zai fi yi wa Alhaji ciwo ba, ni ce, wadda yake cewa bai taɓa kama ta da ƙarya ba. In na yi shiru, a bakin ɗansa zai ji. Jiya kuma aka canza masa magani a asibiti, ya miƙo mini kwalabe biyu ya ce, "Kira mini Likita, ya faɗa mini ko ana haɗa su. Shi kaɗai na yarda da shi."

Kwalaben suna nan cikin jakata. Me zan yi?