Yaya, Ni Na Ƙone Buhun

Zuwa ga Yaya Hamisu, can bakin haƙar zinari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya baƙunta? Mutanen Gangara suna gaishe ka.

Yaya, murzuna, tsutsar nan ta gero, ta cinye gonar da ka bar mini. Na tsaga zangarniya na ga tsutsa ta yi hanya zagaye-zagaye, ga kashinta fari yana zuba kamar dusa. Na kama ɗaya na murtsuke, ruwan cikinta ya ɓata mini yatsa. Wallahi yinin nan ban iya shan fura ba.

Uwarta ma ta fi ban haushi. Wata 'yar faɗa-wuta ce mai launin busasshen kara. Ka sha nuna mini ita a jikin ganye, ina zare ido ban ganta ba sai ka taɓa ta tashi. Ka ce hatsi na fidda kai take saka ƙwai, 'ya'yan su ƙoshi su shige ƙasa, su kwanta har wata damina. Munafuka ke nan.

Amma ƙyamar da nake ji ta fi yawa a kaina. Bayan tafiyarka na ga ɗan buhu rataye a gawon gona. Na kwance, sai ga tsaki da tsutsotsi suna motsi. Na ce sammu aka yi mana. Na yi bisimilla na cinna masa wuta, har ina jin na yi jarumta.

Sai da kaka ta yi malamin gona ya tambaye ni buhun da ya ba ka. Ashe ƙananan zanzaro ne za su fito daga ciki su kashe murzuna. Na ce ban gani ba.

Tun ranar Baba yake faɗa a bakin masallaci cewa ka ɓata lokaci wurin taron 'yan boko, ka bar shi da rumbu wayam. Ina zaune, na bar shi yana ɗora maka laifina. Shi ya sa na rubuta wannan wasiƙa a jarida, inda kowa zai karanta. Gobe kasuwa, kafin azahar wani zai kai wa Baba labari. Ni kuma ina gida, ba inda za ni.

Yayana, ka yafe mini. Allah Ya tsare ka daga ruftawar rami, Ya maido mana da kai lafiya, amin.

Ƙanenka mai jin kunyarka,
Laminu