Harawar Kili

Zuwa ga Yaya Lawwali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, kai da Hafsatu da yara, kuma ruwan Fatakwal bai hana ku sakewa ba. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan Gusau lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Saƙonka ya iso cewa a sayar da Kili, dokin Baba, tunda babu inda zai yi kiwo. Gaskiyarka ne, tun da muka baro ƙauyenmu Kekun Waje bai ga ɗanyar ciyawa ba, yana ɗaure a turke a bayan gida, daga ingirici sai harawa. Amma ka ji abin da ya faru tukuna.

Da na ga ya rame, sai tausayi ya sa na riƙa cika masa ƙwarya da gero safe da yamma, wai ni mai gata. Ranar Laraba cikinsa ya kumbura, ya dinga birgima yana haɗa gumi. Ka san Baba tun zuwanmu birni magana ta ɗauke masa, daga tabarma sai masallaci. Ranar nan ya miƙe ko sanda bai nema ba, ya kama ragama ya yi ta zagaya tsakar gida da dokin har cikin ya saki. Sannan ya juyo kaina, ya ce na kusa kashe masa doki da alheri. Ya ce dokin da ba ya kiwo harawa ce abincinsa, kaɗan-kaɗan sau da yawa. Hatsi cikin tafi ya isa, shi ma sai ya sha ruwa. Dusa kuwa a jiƙa ta, a sa 'yar kanwa da gishiri. Na ji kunya, amma wallahi faɗan nan ya yi mini daɗi, don rabon da in ji muryarsa haka tun muna ƙauye.

Yanzu kullum da hantsi shi ke kwance damin harawar da Kawu Abdullahi ke aiko mana daga Bungudu, yana shinshinawa yana ware mai fumfuna. Tuwonsa ma ya koma cinyewa.

Yaya, riƙon doki ba kiwo wahala ne, ba zan ɓoye maka ba. Amma in Kili ya bar gidan nan, ina tsoron Baba zai koma kan tabarmar nan, kuma ban san abin da zai sake tayar da shi ba. Don Allah ka dakatar da mai sayen da ka samo.

Inna da Mansura suna gaishe ku. A gaida Hafsatu da su Asabe. Baba bai san da maganar sayarwa ba. Shi dai ya ce in ka zo ka duba haƙarƙarin Kili, sun fara rufewa.

Ƙaninka,
Attahiru