Shafin Bilkisu Ya Ƙi Shigar da Baƙi

Laraba, 11 ga Yuli, 2007
Kai mai leƙa mini littafi, ga kacici-kacici: gida mai ɗaki goma, ƙofofi a buɗe, amma duk baƙon da ya yi sallama a zaure yake ƙarewa. Laifin wa?

Gidan na jikata Bilkisu ne, cikin kwamfuta ta gina shi, aikinta na gama jami'a. Wai shafin intanet na asibiti. Ka nemi likita, ya ce "barka da zuwa". Ka nemi magani, "barka da zuwa". Ran Litinin malamai za su duba, in bai yi ba ta maimaita shekara. Ta baro hostel ta tare a ɗakina da wayoyi, ko wurin miƙe ƙafa babu.

Alhamis, 12 ga Yuli
Na ce a tofa wa shafin addu'a. Ta ce, "Kaka, don Allah mana." Tuwo ya huce sau biyu.

Asabar, 14 ga Yuli
Ƙawarta Bukola, mai shagon intanet a Sabon Gari, ta zo. Suka goge, suka sake zubawa, suka kashe, suka kunna. Awa huɗu. Barka da zuwa dai. Sun cinye mini gyaɗa tas.

Lahadi, 15 ga Yuli
Yau Bilkisu har da kuka. Na rasa abin yi, na ɗauko mata labarin kakanta, marigayi Malam Umaru. A bakin zaure yake shimfiɗa buzunsa, kowa ya yi sallama shi ke amsawa. Mai kitsona ta zo, ya ce, "Sannu, na ji, zan faɗa mata." Ta juya. Wata biyu kaina kamar sheƙar kaza! Sai da na sa aka mayar da buzun can ƙuryar gida, sai wanda ya rasa mai amsa masa ne zai isa gare shi.

Ban kai ƙarshe ba ta miƙe, ta bar ni da baki buɗe. Mara kunya. Ta ciro layi ɗaya daga saman jerin umarnin da ta rubuta wa kwamfutar ta kai ƙasa. Ta nemi likita, likita ya fito.

Litinin, 16 ga Yuli
Ta ci jarrabawa. Wai gobe za ta koma hostel. Na ce madalla, in huta. Na dai ce ruwan saman nan ba shi da tabbas, ta bari sai Juma'a.

Laifin layin farko ne. Kwamfuta daga sama take karatu, shi kuwa layin, kamar Malam Umaru a zaure, kowa ya zo shi ke amsa masa da "barka da zuwa".