Amin Ɗin Tambai

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hadiza,

Gaisuwa mai yawa da ladabi, da fatan kina cikin rahama. Bayan haka, Inna, ƙara na kawo miki, don ban san wurin wa zan kai ba.

Mutum uku suka roƙa miki sauƙi da kina kwance. Liman ya yi rubutu kin sha. Malamin asibiti, Kiristan nan mutumin Zariya, ya gama allura ya runtse ido yana motsa baki. Ƙawarki Tambai, Bamagujiyar bayan garin Utai, ta yanka jan zakaranta ɗaya tilo a gindin tsamiya. Duk da haka kika tafi. Ni da na koyi boko a yagaggun jaridu don in gane komai, sai ga shi na kasa gane amfanin roƙon da bai hana mutuwa ba.

Ran sadakar uku Tambai ta zo a ƙafa da ƙwaryar gero. Ina bakin ƙofa ina gani. Aka ɗaga hannu, ita ma ta ɗaga. Ba ta san Fatiha ba, sai ta yi ta cewa amin a tsakiyar aya, ta shafa tun kowa bai shafa ba. Mata suka ƙunshe dariya. A zaman makokinki, Inna!

Yanzu Kawu Sule ya ce kada ta tako ran arba'in, wai amin ɗin arna ɓata addu'a yake. Na tambaye shi ina ya ajiye nasa amin ɗin sa'ad da Tambai ke wanke miki zannuwa a kogi. An ce na yi rashin kunya. To, na yi.

Da na raka Tambai hanya ran sadakar ukun, na tambaye ta me ta roƙa. Ta ce ita ba ta san abin da ake faɗa ba, ta dai ga ana nema miki alheri, ba ta so a gama babu bakinta a ciki.

Karɓa ta Allah ce. Ban isa in yanke ba, Kawu ma bai isa ba. Amma na ga abin da ya haɗa su ukun da suka roƙa miki sauƙi: kowa ƙarfinsa ya ƙare, kuma ya ƙi ya bar ki ke kaɗai.

Jibi ne arba'in. Zan je in taho da ita, in zaunar da ita a kan tabarmarki. In Kawu zai kora, sai dai ya kore mu tare. Kin sha ce mini, "Bakin nan naka zai ja maka, Auta." Ki yafe mini wannan ma, Innata.

Allah ya jiƙanki, ya sanyaya makwancinki, ya ba ni haƙurin da kika tafi da shi.

Autanki,
Habu, Wudil