Hannun da Ya Juya Allahiya

Zuwa ga Filinna, furen farkon bazara, zumar dutse, inuwar zaitun a tsakar rana, wadda duk Atina ba ta da tamka.

Ki yi haƙuri da rubutuna, karkatacce ne kamar sawun kaguwa. Hannun nan igiya ya sani, bai daɗe da sanin alƙalami ba. Amma yau kwana biyar ke nan kin rufe taga, kin dawo mini da jan zaren da na ba ki na ɗaure gashi, kuma na ji mahaifiyarki za ta saka ki a jirgi jibi, ta kai ki tsibirin Salamis wurin gwaggonki. Duk saboda me? Saboda yatsa guda!

Na san abin da kika gani ranar biki, ya sanyin idona. Kin ga sarauniyar wasan kwaikwayo da ta so baƙo har ta manta da bagaden allahiyar ƙauna. Kin ji mawaƙa suna makoki da teku ta dawo da gawarsa. Sai allahiya ta bayyana a sama, fari fat, tana cewa: "Ke da kika fifita ɗan'adam a kaina!" A ka'ida sarauniyar ya kamata allahiya ta nuna da yatsa. Amma sai ta juya a hankali, ta tsallake kan dubban mutane, yatsanta ya tsaya can layin sama na 'yan kallo, daidai kanki, ke da jan zarena a gashi. Na ga matan da ke gefenki sun janye tufafinsu. Na ga mahaifiyarki ta tofa yawu a ƙirjinta sau uku. Tun ranar, an ce mini, ko mai kai hadaya ɗaya bai tsaya rumfarku ya ɗauki rawanin fure ba, wai kada ya kai wa alloli abin da hannun tsinanniya ya saƙa.

Tsinanniya? Ke? Ke da in kin ratsa kasuwa ƙudan zuma suke barin kwandon su bi ki?

To saurara, hasken safiyata. Kin san ni ne mai gungumen da ake ɗaga alloli da shi a bayan dandali. Shekara shida ina wannan aiki. Babu wani allah da ya taɓa sauka a gaban mutanen birnin nan in ba da damtsena ba, kuma ban taɓa kayar da ko ɗaya ba. Waccan da ta razana ki, Nikon ne, mai tumbi, sanye da fuskar aro ta lilin. Albasa ya ci da safe. Kafin na ɗaga shi sai da ya ce mini: "Kai ɗan igiya, ka sauke ni a hankali, ni uwar so ce, ba buhun sha'ir ba." Na ce masa ai buhun sha'ir ya fi shi ladabi, tunda shi ba ya gyatsa.

Akwai wata 'yar tsaga a jikin katakon da nake tsayawa a bayansa. Tun hudowar rana nake neman ki ta cikinta, layi bayan layi, har na gan ki. Kin ɗaura zarena a gaban kowa, karo na farko cikin shekara uku da nake jiranki! Shekara uku ina wucewa ta rumfarku ina tambayar sunan furen da na riga na sani. Me kike so ƙirji ya yi? Na karkata don in ƙara ganinki, kafaɗata ta bi idona, gungumen ya bi kafaɗata, Nikon ya bi gungumen. Ba fushin sama ba ne ya nuna ki, Filinna. Idona ne, ya ari yatsan wani.

Kada ki ɗauka ina raina alloli. Shekara shida ina jin waɗannan wasanni ta bayan katako, na haddace su fiye da masu ilimi da ke zaune a gaba. Na lura da abu ɗaya: duk wanda aka hallaka a cikinsu, ko dai ya ɓoye sonsa kamar ɓarawo, ko ya so abin da yake na wani, ko ya yi wa sama girman kai. Wanne muka yi? Ni da rana tsaka nake son ki, ke kuma ba ki taɓa barin bagade babu fure ba. Jiya na kai wa allahiyar kurciya fara, na gaya mata komai. Hayaƙin ya tashi miƙe, bai ko rausaya ba.

Har yanzu babu wanda ya san laifina. Maigidana iska yake zargi, Nikon kuma yana yawo yana cewa allahiya ce ta shige shi, ana ba shi giya kyauta. In na yi shiru, igiyar tawa ce har tsufa. In na yi magana, na ɓata bikin birni ke nan, za a karɓe ta, wataƙila har da bulala.

Gobe da hantsi, lokacin da kasuwa ta cika, zan tsaya a gaban rumfar mahaifiyarki. Zan gaishe ta da ladabi in ce: "Inna, ni na juya allahiya." Zan faɗa da ƙarfi yadda masu kifi ma za su ji, in buɗe tafin hannuna su ga inda igiya ta ci ni da na yi ƙoƙarin dawo da ita. Su yi dariya, su ce ɗan igiya ya zautu. A kira ni wawan Atina shekara goma, ya fi mini a kira ki abin da ba ke ba kwana ɗaya.

Abu ɗaya nake roƙo, ya kurciyata: kada ki naɗe kayanki tukuna. Ki fito rumfa goben, ki ɗaga kai, ki saƙa rawani ɗaya na jan fure. Wanda zai fara miƙa hannu ya karɓa a gaban kowa, ni ne. Zaren kuma yana nan a wuyan hannuna, ba ya sauri, kamar mai shi.

Na riƙe alloli shekara shida, sau ɗaya kawai hannuna ya kauce, kuma wajenki ya yi.

Naki muddin teku tana dukan gaɓa,
Faniyas, wanda yau mai igiya ne, gobe kuma naki kaɗai.