Takalmin da Ya Yi wa Apa Yawa

Bishkek,
9 ga Yuni.

Zuwa ga Innata Burul,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ina roƙon Allah Ya ƙara miki ƙarfi, Ya sauƙaƙa miki tsayuwar gidan burodi, Ya raba ki da ciwon bayan nan da sanyin Mosko yake tayar miki. Mu nan duk lafiya lau. Kaka ta sami sauƙin gwiwa tun da zafi ya shigo, har ta koma zaman bencin ƙofar benenmu tana sa wa masu wucewa ido. Baba yana hanyar Narin da motarsa, sai Juma'a zai dawo. Ni kuma na gama jarrabawar aji tara. Lissafi ya ɗan wahalar da ni, amma sauran sun zo da sauƙi, alhamdu lillahi.

Inna, na ɗauki biro ne maimakon in jira kiranki, domin kin san da an miƙo mini waya bakina yake mutuwa. Magana ce a kan takalmin bale, rawar nan ta kan tsinin yatsun ƙafa, da kika aiko wa Apa, mahaifiyata, a bikin sabuwar shekara na Nooruz. Ranar da ya iso ta daɗe tana shafa shi. Kin fi ni sanin dalili, tunda a gabanki aka zaɓe ta zuwa makarantar rawa tana shekara tara, Kakanmu marigayi ya ce birni ya yi wa yarinya nisa. Shekara biyu ke nan tana zuwa ajin rawa na manya duk Talata da Asabar bayan ta tashi daga kantin magani, kuma ba ta da burin da ya wuce ta tsaya a kan tsinin yatsunta ko da sau ɗaya, ga shi tana da shekara arba'in da ɗaya. Sau uku ta ce miki a waya takalmin ya yi mata daidai. Inna, ki yi haƙuri, bai yi ba.

Lambar Apa talatin da takwas ce, ke kuma kika sayo talatin da tara, kamar yadda kowa a gidanmu yake yi don a bar wa safar ulu wuri. Kaka har yaba miki ta yi, ta ce cikin 'ya'yanta Burul ce kaɗai mai tunanin hunturu, ta zauna ta saƙa safa ruwan hoda don a cike gurbin. A cikinmu babu wanda ya ga aibun hakan. Ashe shi wannan takalmin dole ya kama ƙafa kamar fatar jiki, in ba haka ba ƙafar takan zame a ciki, nauyin mutum duka ya faɗa kan babban yatsa da idon sawu.

Malamarsu, Elmira Sadikovna, tsohuwar 'yar rawa ce mai shekara saba'in da ɗoriya, kuma dokarta ɗaya ce: babu mai sa takalmin tsini sai ta ci gwajinta. Takan ce ƙashin yaro kara ne ɗanye, na babba kuwa busasshe, don haka ita ba ta gaggawa da uwayen mutane. Gwajin shi ne mace ta ɗaga dunduniya a kan ƙafa ɗaya sau ashirin ba tare da idon sawu ya karkace ba, ta tsaya a hakan ba ta riƙe komai ba, sannan ta kawo takardar likitan ƙashi. Shi ya sa Apa take jan tawul da yatsun ƙafa a ƙarƙashin tebur muna cin abinci, take kuma tsince wake daga ƙasa zuwa kwano da su. Baba yana tsokanarta wai ya auri mace ya wayi gari da kaza, kuma shi da miyar wake a gidan nan har abada. Ita kuma takan ce masa ya fara ganin yatsun nasa tukuna, in tumbi ya bari.

A watan Afrilu Apa tana kan sha uku ne kawai a ƙafar hagu. Wata Lahadi da safe na shiga kicin ɗaukar shayi, na tarar da ita sanye da takalminki da safar Kaka, ta dafa firji tana ƙoƙarin hawa. Ta hau ɗin, amma a idona ƙafar hagu ta zame ta lanƙwashe gefe, sai da ta rungumi firjin kwalaben ciki suka yi ƙara. Ta zauna a ƙasa tana murza wurin tana dariyar da ba ta kai ciki ba, ta ce ba komai, kuma kada in kuskura in faɗa wa kowa. Ta ce kin ce a turo miki hotonta a cikinsa, ba za ta bar yayarta ta yi ta jira ba. Da na duba ƙasan takalmin na ga ya yi duhu, na gane ba ranar ta fara ba.

Kwana biyu ina juya abin a raina. Ban taɓa ƙetare maganar Apa ba, amma na tuna aikinta na tsayuwa ne tun safe har yamma, kuma in jijiya ta tsinke, rawar da aikin duka sun tafi. Rigakafi ya fi magani, ita da kanta take faɗa wa masu sayen magani haka. Ran Talata na sa takalmin da safar a jakar makaranta, na bi ta ajin da sunan rakiya. Inna, ban san inda na samo ƙarfin hali ba. Mata goma sha ɗaya suna jere a jikin sandar da suke dafawa, na ratsa su, na ajiye kayan a kan fiyano, na ce wa Malama ta duba mana ko wannan ya yi wa mahaifiyata.

Malama ta sa Apa ta saka shi, ta tsuguna ta tsunkuli bayan dunduniyar, yadin ya taru a hannunta. Ta tambaya ko da wani za su shiga su biyu. Da ta ɗaga safar kuwa, sai Anti Tamara, wata likitar haƙori da ta yi ritaya wadda bakinta ba ya shiru, ta ce wa Apa a'a, Damira, rawa za ki yi ko hawan dutse, in kiwon tumaki ne a faɗa mana mu kawo sanda. Ajin duka ya kwashe da dariya har da mai kaɗa fiyano. Malama ba ta yi dariya ba. Ta latsa idon sawun ta ga Apa ta cije leɓe, ta ce mako biyu babu ɗaga dunduniya, kuma duk wadda ta ƙara hawa a kicin ta nemi firjin ya ci gaba da koya mata. Sannan ta ce wanda ya sayi takalmin nan ya san abu mai kyau, ƙafar ce kawai ba ta je kasuwar ba.

A motar komawa gida Apa ba ta dube ni ba. Kwana uku maganarmu ba ta wuce ci abinci da kashe wuta ba, kuma wannan ya fi mini duka ciwo. A rana ta huɗu ta shigo ɗakina da kwanon wake, ta ce tunda na zama 'yar sandan ƙafarta, sai in tashi in riƙa ƙirga mata. Haka muka yi ta yi kullum kafin in tafi makaranta. Sannu ba ta hana zuwa: sha huɗu, sha shida, muka maƙale a sha bakwai har kwana goma tana cewa tsufa ne. A ƙarshen Mayu likita ya sa hannu, ta kuma yi ashirin a kowace ƙafa a gaban Malama. Malamar da kanta ta raka ta shago, aka gwada takwas kafin a sami wanda ya zauna.

Asabar ɗin da ta wuce aka ba su minti goma, su huɗu da suka ci gwajin, hannu biyu a kan sanda. Na ga Apa ta hau a hankali, ƙafafun nan tsaye cak babu ko girgiza, ta zauna a sama har aka ƙirga takwas, ta sauko kamar mai ajiye ƙwai. Anti Tamara ta ce ita dai yatsunta sun kai ƙararta wurin Allah. Apa kuwa kallon madubi kawai take yi. Bayan an tashi muka taka har tashar mota, ba ɗingishi ko kaɗan, ta saya mana askirim muka sha a tsaye.

Takalminki yana cikin kwalinsa a kabad, sai abin da kika ce a yi da shi. Jiya na gaya wa Apa zan rubuto miki gaskiya. Ta ce in rubuta, domin ta iya fuskantar Malama da likita amma ba ta iya ce wa yayarta kyautarta ba ta yi ba. Ta ce ran Lahadi ita za ta kira ki da bakinta. Roƙona ɗaya ne, Inna: in ta fara kame-kame, ki riga ta yin dariya.

Kaka tana gaishe ki, ta ce safar dai ba ta yi laifin komai ba, ita za ta sa abarta. Ki gaishe mini da Kawu Esen da yaya Nurgiza da jaririnta, da Anti Salkin abokiyar aikinki. Hoton da ke cikin ambulan na ranar Asabar ne. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki 'yar da ke kewarki,
Begayim