Maleji Irin na Tela

Zuwa ga maigidana, hasken idona, inuwar da nake fakewa a ƙarƙashinta idan rana ta take, ruwan sanyin da ke kashe mini ƙishi, Injiniyana mai baƙin hannu da farar zuciya.

Gaisuwa mai tarin yawa daga wadda kewarka ta hana sakat. Ina fata kana cikin ƙoshin lafiya a can sansanin masu aikin hanya inda ka tafi gwaji. Mu nan lafiya lau muke, in ban da rashinka, shi kuwa ba ƙaramin ciwo ba ne. Na ɗauki biro ne domin waya ta gaza mana. In na kira ka, ka ce lafiya lau. In na tambayi abinci, ka ce alhamdu lillahi. In na ce fushi kake yi da ni, sai ka ce inji na ƙara, ba ka ji sosai. Haba masoyina! Mutumin da ke gane ciwon janareta daga jin kukansa tun daga bakin ƙofa, shi ne yau ba ya jin muryar matarsa? To, takarda ba ta ƙara. Ka nemi wuri ka zauna ka saurare ni.

Ka tuna ranar da dillali ya zagaya da mu ganin gidaje. Ya fara kai mu wancan benen na sabuwar unguwa, can bayan gari inda kwalta ta ƙare. Tayil sai sheƙi yake yi, tagogi manya manya, ga baranda a sama mai kallon fili. Na ce masha Allah, na kuma maimaita, ba zan musa ba. Ai ko wata idan ya cika nakan tsaya in yaba, amma yaushe na taɓa cewa ka sauko mini da shi? Sai dillali ya faɗi kuɗin. Ya ninka abin da muka tara har da ɗoriya. Ragowar sai dai bashin banki, bashin kuma babu mai iya biyansa sai albashin kamfanin nan da ya daɗe yana zawarcinka, wanda zai ajiye ka a daji shekara da shekaru, ka riƙa leƙo mu kamar baƙo.

Daga nan ya kai mu ƙaramin gidan nan na bayan makarantar 'yarmu. Ɗaki biyu da falo, da ɗan tsakar gida mai bishiyar lemun tsami. Fenti ya ɓaɓɓare, famfo na ɗiga, kicin ɗin kuwa in mutum biyu za su shiga sai sun yi shawara. Amma abin da muka tara ya isa, har da ɗan canjin gyaran rufi. Daga ƙofarsa zuwa shagonka tafiyar ƙafa ce. Ni ban ma tsaya jin bayanin dillali ba, na zaro tef daga jaka ina auna tagar falo. Sai ya ce, “Hajiya, ya kika gani? Shi fa ƙarami ne, ba kamar wancan ba.” Ni kuma, ko juyowa ban yi ba, na ce, “Ba komai, za mu yi maleji.”

Wayyo wannan kalma! Da na san inda za ta sauka a zuciyarka, da na haɗiye ta tun ba ta fito ba. A hanyar komawa ka sha mur, na ɗauka gajiya ce. Kwana kaɗan sai ga ka kana haɗa jaka. Sai da motar kamfani ta tsaya tana hon a ƙofa ka juyo ka ce mini, “Tun da na aure ki kike maleji da ni a gidan haya. Ba zan saya miki gida ki ci gaba da maleji ba.” Kafin in samo amsa mota ta sha kwana.

Na yi ta juya maganar nan a raina ina taka keke, har na ɗinke wa wata mata hannun riga a bai-bai. Sai daga baya na gane inda muka saɓa. Ashe duk zaman nan da muka yi, kalma ɗaya muke faɗa amma yare biyu muke yi. A shagonka, maleji shi ne a ɗaure abin da ya karye da waya, a lallaɓa shi ya ɗan ja kafin a samo sabo. Na sha jin ka kana ce wa masu kawo gyara, “Wannan maleji ne fa, kada ka dogara da shi.” Kana faɗa kana kawar da kai, don kai mutum ne da ba ya son aikin kunya. Shi ya sa da ka ji kalmar a bakina, ka ɗauka ina nufin zan daure da gidan, in daure da kai, kafin Allah ya kawo wanda ya fi.

To saurari malejin tela, ya sanyin idaniyata. Mace za ta zo da yadin da take ƙauna, wataƙila tsarabar wani ce da ya yi nisa, wataƙila na mahaifiyarta ne da ta rasu, kuma babu irinsa a kasuwa. A auna, a ga bai isa ba. Malalacin tela zai ce ta je ta ƙaro. Tela na gaske kuwa sai ya shimfiɗa shi a tebur, ya zagaya ta nan, ya zagaya ta can, ya juya shi, ya fitar da hannu daga inda ba a zata ba, ya ɓoye haɗi a cikin ninki, har riga ta fito cif ba a zubar da ko ƙyalle ba. Uwar ɗakina da ta koya mini ɗinki, in ta ce “za mu yi maleji,” idonta har wani ƙyalli yake yi, don ranar ce za a san wace ce ita. Wallahi ba a yi wa yadin banza maleji. Sai wanda ake so, wanda ba a yarda a musanya shi da wani ba.

Lokacin da ka gan ni da tef a jikin tagar nan, na riga na gama yanka gidan a kaina. Gabas tagar take kallo, nan kekena zai zauna, hasken safe ya sauka a kan allura ba sai na kunna fitila ba. Lungun bayan ƙofa na akwatin kayan aikinka ne, da ƙusar rataye rigar aiki don kada ka shafa mini baƙin mai a yadin mutane. Ƙaramin ɗakin na 'yarmu ne, in an matsa gado jikin bango teburin karatunta zai shiga. Gindin lemun nan kuwa na riga na ajiye maka kujera, inda za ka sha shayinka da la'asar kana ba ni labarin injin da ya ba ka wahala. Murna nake yi, masoyina, murna! Kai kuma kana gefe kana jin an soke ka.

Ba na cewa ba ka da dalili. Na ga fuskarka ranar da yayana ya ce, “Har yanzu kuna haya?” a gaban mutane, yana kaɗa makullin motarsa. Ka yi dariya, amma ni na san dariyarka ta gaske, ba ita ce wannan ba. Kana so ka ɗora ni a sama kowa ya gani. Na gode, Allah ya saka da alheri. Amma tsaya mu yi tunani tare. Wa zai hau benen? Masu kawo mini ɗinki rabinsu iyaye ne masu ciwon gwiwa, ko dakalin ƙofa da kyar suke hawa, balle su bi ni bayan gari. 'Yarmu za ta riƙa fita makaranta tun gari bai gama wayewa ba. Ni kuma in tsaya a baranda ina kallon fili, ina jiran wa? Gidan da sai maigidansa ya bar shi kafin a iya biyansa, gidan wa ke nan? Ni tun ba ka da ko bulo ɗaya nake kiran ka maigida, kuma ban taɓa jin na yi ƙarya ba.

Ka manta yadda muka fara ne? An kira ka gyaran janareta a shagon uwar ɗakina, ka gyara, ya tashi. Kashegari sai ga ka, wai ka ji wata 'yar ƙara da ba ta kwanta maka ba. Jibi ma haka. Har ta gaji ta ce, “Malam, janaretan nan lafiyarsa ƙalau, kai ne ba ka da lafiya. Ga ta can, je ka gaishe ta.” Na sunkuyar da kai kamar in nutse, kai kuma ka tsaya kana murza tsumma a hannu. Mutumin da ya ƙirƙiro wa inji ciwo don ya gan ni kullum, yau shi ne zai sa hannu a takardar da za ta raba shi da ganina wata da watanni? Ina wancan mai wayon ya tafi? Ni shi na aura, shi nake nema.

Abin da na fi kewa ba wani babba ba ne. Shigowarka da azahar kana warin man inji, ka wanke hannu, ka ci abinci a tsaye ina yi maka faɗa, sannan ka ɗiga wa kekena mai ba tare da na roƙa ba. Tun da ka tafi yake ƙara, na kuma ƙi taɓa shi, don aikinka ne. Jiya 'yarmu, Mamanka ta kanka, tana cin abinci ta ɗago ta ce, “Umma, in mun koma gidan benen, Abba zai riƙa zuwa mana hutu ne?” Na ce ta ci abincinta. Na shiga kicin na daɗe ban fito ba.

Ga halin da ake ciki. Dillali ya zo ya ce mai ƙaramin gidan ya samu wani mai so, amma ya roƙe shi ya jira mu zuwa ƙarshen watan nan. Na san kamfani ma lokacin suke jiran ka sa hannu. Hannu ɗaya gare ka na rubutu, ya rabin raina, takardu kuma biyu ne. Ba zan ɓoye maka ba, gidan yana da aibu. Rufin na son gyara, famfon na son hannunka, kuma duk ranar da 'yan'uwanka suka zo gaba ɗaya sai wasu sun zauna a tsakar gida. Na gani, na auna, ina so. Ba haƙuri zan yi da shi ba, so nake yi.

Direban da zai ba ka wannan takarda zai haɗa maka da ƙunshi. Riga ce na ɗinka maka da ragowar shuɗin yadin nan da ka ce ya yi maka kyau, wanda kowa ya ce ba zai fitar da rigar babban mutum ba. Ka sa ta. Ka tsaya gaban madubi, ka juya ta ciki da waje, ka kira abokan aikinka su taya ka dubawa, ku da kuka iya gano ɓaraka. In ka gano inda na yi malejin, ka sa hannu a takardar kamfani, na yi alkawari ba zan ƙara cewa uffan ba, zan hau benen in yi ta jiran ka. In kuwa ba ka gano ba, ka sa ta a jikinka ka hau motar farko, mu je wurin dillali tare.

Ba za ka gano ba, na san hannuna. Amma ko da ka gano, don Allah ka yi kamar ba ka gani ba, ka dawo gida.

Taka ce ni a ɗaki biyu, taka ce a ɗaki ɗaya, taka ko a gindin bishiya, daga yau har ranar da numfashi zai ƙare.

Matarka mai ƙaunarka,
Telarka.